Ƙiba Bayan Dashen Hanta: Akwai Maganin Da Zai Tare Ta?

Ga waɗanda ba su samu damar saurare ba, ga rubutaccen shirin kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganarmu a kan waɗanda aka yi wa dashen hanta ce, da wata matsala da ke biyo bayan aikin wadda ba a cika tattauna ta ba, wato ƙiba. Tun da sunan allurai irin su Ozempic da Mounjaro ya karaɗe duniya, masu dashe da iyalansu ke tambaya: shin akwai maganin da mutum zai sha, ko allurar da zai yi, ya tare ƙibar nan tun kafin ta zauna?

Amsar a taƙaice ita ce e, akwai magungunan da likitocin dashe ke amfani da su. Sai dai mai dasasshiyar hanta ba ya shiga kemis ya saya kamar kowa. Duk maganin da zai shiga jikinsa, sai an fara duba yadda zai zauna da maganin da ke tsare masa hantar. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komawa kansa.

DAGA INA ƘIBAR KE ZUWA?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta da ya yi tsanani ya san kamanninsa. Fuska ta zurma, damtse ya zube, ciki kuwa ya kumbura da ruwa, ƙafafu sun haye. Abinci ba ya masa daɗi, likita ya hana gishiri. Idan ya hau sikeli, nauyin da za a gani yaudara ce, domin wani kaso mai yawa ruwa ne.

To, an yi dashe, Allah ya ba da sa'a. Cikin makonni ruwan ya sauka, ɗanɗano ya dawo, mutumin da ya shekara yana ture kwano yanzu shi ke tambayar ko an sauke tukunya. Nauyin da ya fara dawowa abin farin ciki ne, jiki yana bukatarsa. Matsalar ita ce galibi abin ba ya tsayawa a inda ya kamata, kuma yawancin abin da ke dawowa kitse ne, tsoka kuwa tana jan ƙafa.

Akwai dalilai. Na farko, maganin sitiroyid, irin su prednisolone, da ake bayarwa bayan dashe. Yana buɗe ciki, yana tara kitse a tumbi da fuska da bayan wuya, yana ɗaga sugan jini. Idan kuna son ku gane ƙarfinsa, ku tuna ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe". Da yawa daga cikinsu dangin wannan magani ne, kamar dexamethasone. Na biyu, lokacin aikin likita yana haɗa jijiyoyin jini da bututun maɗaci, amma jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin hanta da ƙwaƙwalwa an yanke su, kuma masana na ganin hakan yana taɓa yadda jiki ke gane ya ƙoshi. Na uku, zama. Mutum yana tsoron ɗinki, iyali suna cewa kada ya motsa, wata uku sai ya zama shekara.

Na huɗu kuma namu ne na gida. A wajenmu, wanda ya tashi daga doguwar jinya, ƙiba ce shaidar warkewarsa. "Kai, masha Allah, ka yi kyau, ka murmure!" Inna ta aiko da fura da nono, gwaggo ta aiko da farfesu da dambun nama, 'yan dubiya kowa da katan ɗin lemon kwalba. Duk ƙauna ce, babu mai mugun nufi. Amma jiki bai san ƙauna ba, lissafi kawai yake yi.

Wani bincike da aka yi a Birmingham ta Ingila, aka buga a 2005, ya bi sawun kusan mutum 600 da aka yi wa dashen hanta. A tsaka-tsaki, sun ƙara wajen kilo 5 a shekarar farko, da kilo 9 da rabi a shekara ta uku. Zuwa shekara ta ukun nan, kusan mutum ɗaya cikin uku ya shiga sahun masu ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta.

ME YA SA ZA A DAMU?

Wani zai ce, mutumin da ya tsallake rijiya da baya, don ya yi teɓa sai me? Ga abin da ya sa.

Lokacin da Dokta Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a birnin Denver na Amurka a 1963, damuwar ita ce ko mara lafiya zai kai wata guda. Yau a manyan cibiyoyi, kusan tara cikin goma suna wuce shekarar farko, da yawa suna yin shekara ashirin da ɗoriya. Da rayuwa ta yi tsawo, sai abokan gaba suka canja. Bayan shekarun farko, ciwon zuciya, ciwon daji da lalacewar ƙoda suna cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu dashe, kuma ƙiba tana da hannu a cikinsu duka.

Sannan ita kanta sabuwar hantar tana iya tara kitse. Wanda kitsen hanta ne ya kai shi ga dashe tun farko, cutar kan dawo masa sosai. Wanda kuma ciwon hanta nau'in B ne ya kai shi, kamar yadda ya fi yawa a ƙasashenmu, shi ma kitse na iya kama sabuwar hantarsa alhali bai taɓa fama da shi ba. Ku tuna fa, sau da yawa ɓangaren hantar ɗan'uwa ne, ko ɗa, ko mata, wanda ya kwanta aka yanka shi don wani ya rayu. Amana ce.

TACROLIMUS, MAI GIDA

Kafin mu ambaci maganin rage ƙiba ko ɗaya, sai mun san mai gidan. Garkuwar jiki tana kallon sabuwar hanta a matsayin baƙuwar da za a kora. Abin da ke hana ta shi ne magungunan danne garkuwa, kuma babbansu ga yawancin masu dashen hanta shi ne tacrolimus. An gano shi a Japan a 1984 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, Amurka ta amince da shi don dashen hanta a 1994. Wasu kuma cyclosporine suke sha, wanda ya girme shi. Galibi ana haɗawa da mycophenolate.

Shi tacrolimus hanyarsa siririya ce ƙwarai. Idan ya yi ƙasa a jini, garkuwa ta far wa hanta. Idan ya yi sama, ya bugi ƙoda, hannu ya kama rawa, ciwon kai, hawan jini, wani lokaci har jijjiga. Shi ya sa ake auna shi a jini da safe kafin a sha na ranar. Ko a daidai ma'auninsa ma, yana takura wa sashen jikin da ke samar da insulin, wato fankiriyas, don haka ciwon suga ya yawaita bayan dashe.

Kun ga ke nan, duk maganin rage ƙiba baƙo ne a gidan nan. Tambayoyi biyu ake yi masa a bakin ƙofa: za ka canja yawan tacrolimus a jini? Za ka ƙara wa ƙoda wahala?

MATAKIN FARKO: LEDAR MAGANIN DA AKE SHA

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rigakafin ƙiba ta hanyar magani yana farawa ne da magungunan da tuni suke cikin leda. Cibiyoyin dashe da yawa suna rage prednisolone sannu a hankali har su tsayar da shi cikin wata uku zuwa shida, in hanta ta zauna lafiya. Akwai waɗanda dole su ci gaba da shi, musamman wanda garkuwar jikinsa ce ta cinye hantar farko. Amma a kiyaye: ba a yanke prednisolone rana ɗaya, kuma ba mara lafiya ke yankewa da kansa ba. Jikin da ya saba da shi, in aka cire kwatsam, jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita, hanta kuma ta shiga haɗari.

Haka nan idan suga ya taso, zaɓin magani yana da tasiri. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide suna ƙara nauyi. Metformin ba ya ƙarawa, yakan ma ɗan rage, in dai ƙoda na da ƙarfin ɗaukarsa. Akwai dangin empagliflozin da ke fitar da suga ta fitsari, suna rage kilo biyu zuwa uku, suna kuma taimakon zuciya da ƙoda. Sai dai suna jawo ƙaiƙayin gaba da ƙarancin ruwa a jiki, abin lura ga wanda garkuwarsa ke danne. Wasu magungunan barci, damuwa da ciwon jijiya, kamar amitriptyline, mirtazapine da pregabalin, su ma suna ƙara nauyi. Likita na iya musanya su in akwai hali.

Sai kuma "maganin cin abinci" da dangi kan sayo wa wanda ya rame, sirof ɗin nan masu ɗauke da cyproheptadine. Don Allah a ajiye. Mai dashe ba ya bukatar a buɗe masa ciki, kuma an samu rahotannin irin waɗannan sirof sun taɓa hanta.

MAGUNGUNAN RAGE ƘIBA, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Mu fara da orlistat, wanda ake sayarwa da sunan Xenical tun ƙarshen shekarun 1990. Aikinsa a hanji yake. Yana hana jiki tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci, man ya fita ta bayan gida. Wanda ya sha shi ya ci ƙosai ko soyayyen nama, zai ga maiƙo a bayan gida, wani lokaci ma ba ya iya riƙewa. Matsalarsa ga mai dashe ita ce, cyclosporine magani ne mai bin mai, don haka orlistat yana rage shigarsa jini, kuma takardar maganin da kanta ta yi gargaɗi a kan haka. Da tacrolimus, an gwada shi a ƙananan bincike tare da yawaita awon jini. Yana kuma rage bitamin A, D, E da K, ga shi a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗin cewa, ko da yake ba kasafai ba, an samu mummunan ciwon hanta ga wasu masu shansa. Rage nauyin da yake yi kuwa kaɗan ne. Shi ya sa tauraronsa ya dushe.

Na biyu, ƙwayoyin da ke aiki a ƙwaƙwalwa don kashe yunwa. Akwai phentermine, shi kaɗai ko haɗe da topiramate, akwai kuma haɗin naltrexone da bupropion. Phentermine yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, alhali mai shan tacrolimus tuni yana fama da hawan jini. Topiramate yana jawo tsakuwar ƙoda, yana kuma illa ga ɗan tayi. Bupropion yana sauƙaƙa faruwar jijjiga, naltrexone kuwa ba ya haɗuwa da magungunan ciwo irin su tramadol da morphine. Don haka likitocin dashe suna taka-tsantsan sosai da wannan rukuni.

Na uku, wanda kowa ke magana a kai: allurai masu kwaikwayon wani sinadarin hanji da ake kira GLP-1. Shi wannan sinadari, hanji ne ke sakinsa bayan an ci abinci. Yana gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, yana rage saurin fitar abinci daga ciki, yana taimaka wa jiki sakin insulin lokacin da suga ya hau. Liraglutide kullum ake yinsa. Semaglutide sau ɗaya a mako, shi ne Ozempic ga masu suga, Wegovy kuma ga masu ƙiba, wanda Amurka ta amince da shi a 2021. Tirzepatide, wato Mounjaro ko Zepbound, shi ma na mako ne, yana kwaikwayon sinadarai biyu.

Ƙarfinsu ba wasa ba ne. A babban gwajin semaglutide da aka buga a 2021, mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Mai kilo 100 ke nan ya sauke wajen kilo 15. Tirzepatide a mafi girman ma'auninsa ya kai wajen kashi 20. Wani gwajin da aka buga a 2023 ya nuna semaglutide ya rage bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin ɗari, ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya. Yana kuma rage kitsen hanta.

Kun ji, kamar don masu dashe aka yi su. Ƙari a kan haka, ba sa bin hanyar da hanta ke sarrafa tacrolimus, wato ba sa rige-rige da shi. To amma ga inda gizo ke saƙar. Manyan gwaje-gwajen nan ba a kan masu dashe aka yi su ba. Abin da likitoci ke dogara da shi kawo yanzu, yawancinsa bayanan marasa lafiya ne da cibiyoyin dashe suka tattara. Bayanan suna da daɗin ji: nauyi ya ragu, suga ya sauka, tacrolimus bai yi wani tsalle ba ga mafi yawa. Wannan ya isa a yi amfani da su ƙarƙashin kulawa. Bai isa mutum ya yi gaban kansa ba.

Me ake tsoro? Tashin zuciya, amai da gudawa su ne illolin da suka fi yawa, musamman a farko ko lokacin ƙara ma'auni. Ga wani mutum, wahalar kwana biyu ce. Ga mai dashe, amai yana nufin tacrolimus ɗin safe ya dawo waje. Gudawa kuma, abin mamaki, tana ɗaga tacrolimus a jini, a daidai lokacin da jiki ya rasa ruwa, sai ƙoda ta sha bugu biyu. Mycophenolate shi ma yana kawo gudawa, sai su haɗu. Ku ƙara da zafin bazara a Sakkwato ko Maraɗi, ku ga yadda ruwa zai ƙare a jiki da wuri.

Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan. Semaglutide na rage ƙiba ana fara shi da miligiram 0.25 a mako, a ƙara duk bayan mako huɗu, sai an yi wajen wata huɗu kafin a kai 2.4. Ga mai dashe, likita na iya tafiya a hankali fiye da haka, ko ya tsaya a ƙasa, yana auna tacrolimus da ƙoda a kan hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wasu abubuwan lura. Mai yin insulin ko shan glibenclamide, sugansa na iya faɗuwa, sai an rage masa. Wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, ko a danginsa akwai wani nau'in ciwon dajin tayirod da ake kira medulari, ya faɗa wa likita tun farko. Masu dashen hanta sukan bukaci a zura musu na'ura ta baki don gyara bututun maɗaci, to a sanar da masu sa barci cewa ana wannan allura, domin abinci kan daɗe a ciki. Ga mata: ba a yin alluran nan da juna biyu, semaglutide ana tsayar da shi wata biyu kafin neman ciki. Tirzepatide yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a makonnin farko da lokacin ƙara ma'auni, kuma wannan babbar magana ce ga mai shan mycophenolate, domin shi yana nakasa ɗan tayi.

Sai batun tsoka. Nauyin da allurar ke saukewa ba kitse zalla ba ne, da tsoka a ciki, alhali mai dashe tuni ciwon ya cinye masa tsoka. In babu motsa jiki da abinci mai gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi da nama marar kitse da ya dahu sosai, sikeli zai yi ƙasa, ƙarfi ma ya bi shi. Kuma in aka daina allurar, nauyi kan dawo. Waɗanda aka bi sawunsu bayan gwajin 2021 sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Don haka kafin a fara, a yi lissafin aljihu. Kuɗin tacrolimus da na awon jini su ne a gaba. Duk wanda zai rage maganin dashe don ya sayi allurar ƙiba, garin neman gira ne zai rasa ido.

Abu biyu kuma da suka shafe mu kai tsaye. Alluran nan a firij ake ajiye su kafin a fara amfani, kuma ko bayan an fara, ba a so zafi ya wuce digiri 30. Da yanayin wutarmu da zafin da ke haura 40, dole a tambayi yadda aka adana kafin a saya. Sannan akwai jabu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka. In har jabu ya shiga waɗannan ƙasashe, ina ga wanda ake tallarsa a WhatsApp?

SHAYIN RAGE TUMBI DA 'YAN'UWANSA

Nan ne muka fi jin tsoro. Shayin rage tumbi, garin "wanke hanta", kafso na ganye da ake talla a TikTok da Instagram, haɗin gargajiya na kan titi. Mai dashe ya nisance su gaba ɗaya. Sibutramine, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki, har yanzu hukumomi na gano shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu "na ganye zalla". Kafson da ake yi da tataccen koren shayi an san yana lalata hanta ga wasu. A 2013 a Hawaii ta Amurka, wani maganin rage nauyi mai suna OxyElite Pro ya kwantar da mutane da ciwon hanta, har aka yi wa wasu dashe.

Ko ganyen da ba guba ba ne yana iya taɓa mai gida. Wani ganyen Turawa da ake kira St John's wort yana zubar da tacrolimus daga jini har jiki ya ƙi dashe. Garehul, babban lemon nan mai ɗaci da masu neman rage ƙiba ke so, shi kuma ɗaga shi yake yi. In ganye da lemo sun iya haka, haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba fa?

TO WA AKE BA WA, KUMA YAUSHE?

Kawo yanzu, babu maganin da aka yi wa rajista musamman don a ba kowane mai dashe tun ranar farko a matsayin rigakafin ƙiba. A watannin farko jiki yana warkar da rauni, ana ta daidaita ma'aunin magunguna, ba lokacin takura ci ba ne. Galibi sai hanta ta zauna, awon jini ya daidaita, sannan ake maganar allura.

Ma'aunin da ake bi shi ne na kowa. A raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake rabawa da tsawon. In ya kai 30, ko 27 tare da suga, hawan jini ko kitsen hanta, ana iya tattauna magani. Misali, mai tsawon mita 1.70, kilo 87 ya kai shi 30, kilo 78 kuma 27. Mai dashen da suga ya kama kuma nauyinsa ke hawa, shi ne ya fi saurin cancanta, domin allura ɗaya za ta yi masa aiki biyu.

Rigakafin gaskiya kuwa a sikeli yake. A tambayi likita nauyin da ya dace a tsaya a kai. A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a rubuta a littafi ɗaya da awon jini. A auna ƙugu da tef ɗin tela, kada ya wuce rabin tsawon mutum. In an ga wata uku a jere nauyi na hawa bayan an wuce inda aka tsayar, a yi magana a lokacin, kada a jira sai kilo 15 sun taru. In kuma kilo biyu suka ƙaru cikin kwana biyu ko uku, ga kumburin ƙafa ko ciki, wannan ruwa ne, a kira likita a ranar.

Mutanenmu da yawa a Indiya, Masar ko Turkiyya ake yi musu aikin, su dawo gida bayan 'yan watanni, likitan dashen yana can, na gida yana nan. A irin wannan hali, kada ɗaya ya fara magani ɗayan bai sani ba. A kuma tabbatar akwai inda za a auna tacrolimus da ƙoda kafin a yi allurar farko. In amai ya hana maganin dashe zama a ciki, ba a kwana ana jira, asibiti ake zuwa.

Wanda ƙibarsa ta yi yawa sosai kuma magani bai wadatar ba, akwai tiyatar rage girman ciki. Ga masu dashen hanta an fi zaɓar wadda ake yanke wani ɓangaren ciki a bar hanji yadda yake, domin magani ya ci gaba da shiga jini, kuma hanyar zuwa bututun maɗaci ta kasance a buɗe. Asibitin Mayo a Amurka ma yana haɗa ta da dashen a aiki guda ga wasu marasa lafiya.

Ga iyali kuma, ku ne rabin maganin. Maimakon katan ɗin lemon kwalba, a raka shi tattaki bayan la'asar. A rage man miya da sugan koko na gidan gaba ɗaya, kada a ware shi da kwanonsa shi kaɗai kamar wanda aka hukunta. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miyar ganye ta ƙaru. Kuma in kun ga nauyinsa ya tsaya cak a inda likita ya ce, to nan ne wurin cewa masha Allah.

Wanda ke ɗauke da dashe, in za ka ga likitanka, tafi da tambayoyin nan a rubuce. Nawa ne nauyin da ya dace da ni? Yaushe za a rage ko a tsayar da prednisolone? A cikin magungunana akwai mai ƙara ƙiba da za a iya canjawa? Na cancanci allurar GLP-1, kuma in an fara, sau nawa za a auna tacrolimus da ƙoda? Me zan yi ranar da na yi amai bayan shan magani?

A nan za mu dakata a yau. In kun san wani da aka yi wa dashe, ko mai jinyarsa, ku tura masa wannan rubutu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa waɗanda suka ba da ɓangaren jikinsu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.